Faifan fulofi na shekara talatin: wa ya taɓa kwashe abin da ke ciki?

Autar Baba:

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka taɓa shiga halin da nake ciki su ba ni labarin yadda suka yi, ko da ba su dace ba. Mahaifinmu ya rasu bara. A cikin kayansa muka tarar da kwamfutarsa Amiga 500 da akwati cike da faifan fulofi masu inci uku da rabi, guda 63. Yawancinsu wasanni ne, amma goma sha ɗaya akwai rubutun hannunsa a jiki: wasiƙu, lissafi, sai huɗu da ya rubuta wa "tarihin gida". Shekara ta ƙarshe da na gani a jikinsu 1994 ce. Na samo ƙaramin injin fulofi mai USB na sa guda ɗaya, sai Windows ta ce faifan ba shi da tsari, in yarda ta yi masa fomat, wato ta goge shi ta tsara shi sabo. Ban danna ba, na zare shi. Kwamfutar ban kunna ba tukuna, ko da yake yayana yana ta matsa mini mu jona ta mu gani. Da me zan fara?

Mai Ƙarfen Soda:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanwata, kin yi daidai da kika ƙi dannawa. Wannan saƙon ba ya nufin faifan ya mutu. Injin USB irin wanda kika samo tsarin kwamfutocin PC kawai ya sani, wato 720 KB da 1.44 MB. Amiga kuwa nata salon daban ne: tana zuba yanki 11 a kowane layi, wato zoben da ake rubuta bayanai a kansa a fuskar faifai, ta rubuta layin gaba ɗaya a tashi guda, shi ya sa faifanta ke ɗaukar 880 KB. Ko sabo fil ne, injin USB ba zai gane shi ba.

Abin da za ki yi yau kafin komai: ki ɗauki kowane faifai ki tura ɗan makullin nan na kusurwa har ramin ya buɗe, ki iya hango haske ta ciki. A masu inci uku da rabi, rami a buɗe shi ne kariya daga rubutu. Yayanki kuma ya ƙara haƙuri.

Kawu Tsohon Akawu:

Ɗiyata, Allah ya gafarta masa. Ni ina cikin waɗanda ba su dace ba da farko, don haka ki saurara.

Nawa manya ne, masu inci biyar da kwata, na 360 KB, waɗanda na yi aikin lissafi da rubuce-rubuce da su a ƙarshen shekarun 1980. Sun yi fiye da shekara ashirin da biyar a kwali a wuri mai danshi. Da na samu tsohon inji mai aiki, ɗoki ya ɗebe ni, na fara da wanda ya fi mini muhimmanci. Yana fara juyawa na ji wata ƙara siririya kamar ana goga ƙarfe a jikin gilashi. Na ɗauka kukan tsufa ne na injin, na bar shi yana ta maimaita karatu. Da na ciro shi na ɗaga a haske, sai ga wani zobe fari tas a jikin faifan, ana ganin haske ta wurin. Hedin, wato ɗan kan da ke taɓa faifai yana karantawa a cikin inji, ya kankare fatar maganaɗisun da rubutun ke kai. Abin da ke wannan layin ya tafi ke nan har abada.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne na biyun. Ban san dattin na farko ya manne a hedin ba, na sa wani mai lafiya, shi ma ya fito da zane. Faifai biyu a cikin minti goma.

Daga baya aka koya mini duba su. Za ki ja murfin ƙarfen nan gefe, ki riƙa juya cibiyar da yatsa a hankali kina kallon fuskar faifan a haske mai ƙarfi. In kin ga fari-fari kamar gajimare ko ɗigo-ɗigo, fumfuna ce, kada ya shiga inji a haka. Sauran nawa sai da na tsaga rigarsu na zaro faifan, na wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulun ruwa, na bar su suka bushe sarai, sannan na sa su a rigar wani faifai mai tsabta. Cikin 19 da suka rage, 16 sun karantu. Hedi kuma bayan kowane faifai nake goge shi da auduga da sinadarin isopropyl. Kada ki fara da na tarihin gidan nan. Ki koyi hannu da wasannin da ba ki damu da su ba.

Maman Biyu:

Kawu ya faɗi abin tsoron, ni bari in faɗi hanyar da ta fisshe ni, don nawa ma na Amiga ne, na mijina tun yana makaranta. Greaseweazle na yi amfani da shi. Ɗan ƙaramin allo ne da Keir Fraser ya ƙirƙira, manhajarsa kuma a buɗe take ga kowa. Gefe ɗaya yana shiga USB, ɗaya gefen kuma ana jona shi da faffaɗar wayar nan mai fil 34 zuwa injin fulofi irin na cikin tsofaffin PC. Shi ba ruwansa da tsarin faifai. Sauye-sauyen maganaɗisun da ke wucewa ƙarƙashin hedi yake naɗa, da tazarar lokacin da ke tsakaninsu, daga baya manhaja ta fassara.

Amfanin wannan shi ne faifan sau ɗaya zai wahala. Ni ɗanyen kwafi nake fara ɗauka, fayil mai ƙarewa da SCP, na sa ya naɗi kowane layi zagaye biyar. Daga nan faifan ya koma akwati. Sauran aikin duk a kan fayil ɗin nake yi, in juya shi zuwa ADF, wanda shi ne manhajojin da ke kwaikwayon Amiga a kwamfutar yau ke karɓa. Cikakken ADF bayit 901,120 ne, yanki 1,760. In an gama, manhajar tana zana taswira: ɗigo ga yankin da ya karantu, X ga wanda ya ƙi. Akwai faifan da ya ba ni X bakwai. Na goge hedi, na sake karanta waɗannan layukan kaɗai, suka koma biyu, kuma biyun suka faɗa inda babu fayil.

Ki duba ko akwai masu rami biyu, ɗaya a kowace kusurwa, da tambarin HD. Mutane kan yi amfani da su a Amiga in na DD sun ƙare. Injin PC yana ganin ramin na biyu sai ya sauya yanayin karatu. Ni sai da na liƙe ramin da baƙin tef ta waje sannan suka karantu sosai.

Ɗan Commodore:

Yaya Maman Biyu, ban musa ba, amma kada a sa ta ta ɗauka tsohuwar kwamfutar ba ta da sauran amfani. Ina da faifai shida na Commodore 64 da suka ƙi karantuwa a injuna biyu masu lafiya. Ashe injina na fulofi samfurin 1541 da ya rubuta su tun asali hedinsa ya ɗan kauce daga saiti, ya yi shekaru yana rubutu a karkace. Shi kaɗai ya iya karanta rubutunsa. Da na bi shawarar wani na kai an daidaita shi tun farko, da shi ke nan. Na jona shi da kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai suna ZoomFloppy na kwashe su zuwa fayilolin D64, yanzu suna buɗewa a VICE, manhajar kwaikwayon Commodore.

Don haka injin da ke cikin Amigar Baba, a goge masa hedi amma kada kowa ya taɓa saitinsa sai an gama da duk faifan. Wataƙila shi ne zai ceci waɗanda suka gagara.

Maganar kunnawa kuma, ki gaya wa yayanki abin da ya same ni. Adaftar Commodore 64 tana fitar da bolt 5 na DC da bolt 9 na AC. In ta tsufa, ɓangaren 5 ɗin yakan haura ba tare da wata alama ba. Na jona tawa ban auna ba, allo ya cika da haruffa barkatai, ƙwayoyin RAM biyu suka ƙone. Da na sa mita daga baya, ta wuce 6. Tsohuwar adafta kowace iri ce, mita tukuna.

Mai Ƙarfen Soda:

Gaskiya ne. Ƙari a kan haka, ki kifa kwamfutar ki buɗe ƙaramin murfin da ke ƙasanta. Amiga 500 ta 1987 ba ta da batir a babban allonta, amma yawancin mutane sun sa mata katin ƙarin ma'adana na 512 KB a wannan ramin, kuma da yawansu suna da batirin agogo mai kama da ƙaramar ganga. Bayan shekara talatin da wuya a samu wanda bai yi yoyo ba. Na buɗe wata da kore-koren ya ci hanyoyin tagulla har ya hau fil ɗin da katin ke shiga. In 500 Plus ce ta 1991, batirin a kan babban allon yake, ɓarnarsa ta fi muni. Ana yanke shi, a shafa ruwan khal kaɗan a wurin don ya kashe kaifin abin da ya zuba, a bi da isopropyl, a bar shi ya bushe.

Baƙon Amstrad:

Ni CPC 6128 gare ni, mai faifan inci uku. Wata biyu ina zaton faifaina sun mutu, ashe bel ɗin injin ne ya narke ya zama kamar kwalta. Na kankare, na sa sabo, duk suka tashi. Ba matsalarki ba ce kai tsaye, na faɗa ne don kada ki yanke wa faifai hukunci da shaidar inji ɗaya.

Malamar Lissafi:

'Yar uwa, kowa ya yi maganar kwashewa, ni inda na maƙale shi ne bayan an kwashe. Na samu ADF lafiya lau, na zauna ina kallonsa, ban san yadda zan ga rubutun ciki ba.

Manhajar kwaikwayo za ki nema, WinUAE a Windows ko FS-UAE a sauran. Ba za ta tashi ba sai da Kickstart, wato manhajar da ke cikin ƙwayar ROM ta Amiga. Akwai haƙƙin mallaka a kanta, ni ta kunshin Amiga Forever na kamfanin Cloanto na samu tawa. Ki zaɓi wadda ta dace da injin Baba, galibin 500 suna da 1.2 ko 1.3. In kin kunna kika ga hoton hannu riƙe da faifai, to kin iso, jira take ki sa mata ADF.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne fayilolin mahaifiyata da ProWrite aka rubuta su, babu abin da ke buɗe su daidai a kwamfutar yau. Sai na koma cikin akwatin na nemo faifan manhajar kanta, na kwafe shi, na tashe ta a cikin kwaikwayon, na buɗe kowace takarda na sake adana ta a matsayin rubutu zalla, sannan na fitar ta wata jaka da na haɗa tsakanin kwaikwayon da kwamfutata. Saboda haka kada ki ware goma sha ɗaya ki watsar da sauran. Manhajar da Baba ya yi rubutu da ita tana cikin 52 ɗin nan, kusan tabbas.

Ki riƙa aiki da kwafin kwafi, na asalin ki ajiye shi wuri biyu. Faifan Amiga da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta a farkonsu, irin SCA da ta bazu tun 1987. Ba za ta taɓa kwamfutarki ta yanzu ba, amma a cikin kwaikwayon tana iya tsallakawa daga wannan ADF zuwa wancan in ba ki kulle su ba.

Ɗan Commodore:

Wasannin ma, in na asali ne masu kariyar kwafi, ADF ba ya riƙe dabarun da aka yi a layukansu. Ɗanyen SCP ɗin shi ke riƙewa, kada ki goge shi don ya cika girma.

Autar Baba:

Na dawo bayan sati biyar. Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Kawu, don labarinka ne ya sa yayana ya janye hannu.

Mun buɗe murfin ƙasa, katin yana nan, batirin ya yi yoyo amma bai kai ga babban allo ba. An cire shi. Na samu Greaseweazle da tsohon injin PC, na fara da wasanni kamar yadda aka ce. Na huɗu ya yi irin ƙarar da Kawu ya kwatanta, na tsayar nan take, hedin ya fito da baƙi-baƙi a auduga. Cikin goma sha ɗayan, tara sun ba da 1,760 cif. Na lissafi ɗaya yana da X uku. Manhajar rubutun kuwa tana cikin akwatin kamar yadda Malama ta ce, KindWords ce. Daren jiya na karanta shafi 40 na abin da Baba ya rubuta game da kakanninmu, har da sunayen da babu wanda ya sani a cikinmu.

Saura "tarihin gida" na uku. Akwai farin tabo a fuskarsa, ban sa shi a inji ba. Kawu, naka masu taushin riga ne, wannan kuwa robarsa mai tauri ce kuma da murfin ƙarfe. Akwai wanda ya taɓa buɗe irinsa ya wanke ba tare da ya fasa shi ba? Ta wane gefe ake fara ɓamɓarewa?