Ɗan fari, farko, mafari, soma: wai duk abu ɗaya ne?

Malamin Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina karantar da yara makarantar allo Asabar da Lahadi a nan Aboabo, Kumasi. Jiya ina yi musu bayanin sunaye, na ce Auwalu ko Lawal sunan ɗan fari ne, mai bi masa Sani, sai Salisu, sai Rabi'u. Wani yaro ɗan shekara 9 ya ɗaga hannu ya ce Malam ni ne babba a ɗakinmu amma ni ba ɗan fari ba ne, ya miƙo min hannunsa yana nuna min fatarsa wai ai shi baƙi ne. Wlh abin ya tsaya min a rai, don yaron bai yi wauta ba, abin da kunnensa ya ji ya faɗa. Na dawo gida ina ta juya kalmomin nan, fari, fara, farko, farawa, mafari, ga kuma soma da tsofaffinmu ke faɗi. Dan Allah masu Hausa a baki ku warware min, ina so ran Asabar in koma musu da amsa mai kyau.

Bakano a Madina:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Matsalar daga rubutun boko take, shi ba ya nuna jan wasali kuma ba ya nuna hawa da saukar murya. Fari na launi gajere ne, a fizge ake faɗinsa. Na ɗan fari kuwa sai ka ja shi, faari, muryar ta sauka a ƙarshe. Akwai ma na uku, farin da ake yi in ruwan sama ya ɗauke amfanin gona ya bushe, shi gajere ne amma murya na sauka. Haka fara take, farar riga daban, faara aiki daban, sannan ga faara ƙwaron da ake soyawa da yaji, ita muryar daga ƙasa take tashi ta hau, ita ce ta cikin karin maganar nan da sanyin safiya ake kama fara. Tunda yaranka 'yan allo ne rubuta musu da ajami kawai, na farawa ka sa alif bayan fa, na launi babu alif, nan take za su gani da idonsu.

Hajiyar Maamobi:
Malam sannu da ƙoƙari. Ni dai ba nahawu na sani ba amma ɗan fari na san shi, don na haifa. A wajenmu mata fari ba lissafi ba ne kawai, akwai kunya a ciki. Cikin fari gida ake komawa a haihu wajen uwa, a yi wankan jego a can har a yi arba'in. Kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, kakata Allah ya jiƙanta har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban kawunmu a bakinta ba, sai dai ta ce wannan yaron, ko ta ce kai, alhali mutumin da furfurarsa da jikokinsa. In an yi baƙi yana zaune kusa da ita sai ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba, amma in ya yi tafiya ba ta iya cin abinci sai ta ji ya sauka lafiya. Shi ya sa ake cewa auren fari, haihuwar fari, ɗan fari, abin da sau ɗaya yake zuwa wa mutum a rayuwa. Ba na jin daɗi in na ji 'yan matan yanzu a Nima suna cewa yarona na farko, ba kuskure ba ne amma kamar ana ƙirga buhu ne a kasuwa, farko na layi ne da sahu, sahun farko, farkon wata, farkon damina.

Ɗan Alabar:
Hajiya kin yi gaskiya. Ni abin da zan ƙara, mu a Zango mun ɗora wa fara kaya fiye da ƙarfinta, komai fara, alhali kusan kowane aiki da kalmarsa. Ni direban trotro ne, wato ƙaramar motar haya, tashar Kejetia nake lodi, ba a fara mota, tada ta ake yi, in ta amsa a ce ta tashi. Mai waakye, wato shinkafa da wake, da asuba hura wuta take yi ta ɗora tukunya. Liman tada sallah yake yi, magini ya aza harsashi, gari kafa shi ake yi, taro a buɗe shi da addu'a, azumi a ɗauka, sabon ma'aikaci ya kama aiki, wata ya kama, damina ta faɗi, naƙuda ta taso. In aka ajiye maka kwano kuma ba mai ce maka fara, bismillah za a ce maka ka sa hannu. Yaranmu Turanci da Twi sun cika musu kunne, sai su ɗauki kalma ɗaya su yi ta jan kowane kaya da ita.

Af, su ma Asantawa da tasu hikimar, in za su ce fara sai su ce hyɛ ase, kuma ase ɗin nan ƙasan abu ne, gindinsa, kamar dai yadda mu muke cewa tushe.

Bakano a Madina:
Tushen nan da ka ambata ya tuna min ban taɓo mafari ba. Mafari shi ne inda abu ya faro ko abin da ya haddasa shi, mafarin rigima, mafarin ciwo. Asali kuma daga Larabci muka aro shi kamar Auwal, shi yana nuna inda mutum ko abu ya fito. Misali a nan Ghana, yaƙin basasar Salaga na 1892 shi ne mafarin watsewar fataken da ke can, wasu suka gangara Kete Krachi wasu wasu garuruwan, amma in ka tambayi asalinsu sai a ce maka Kano ko Katsina ko Barno, fataucin goron Gwanja ya kawo kakanninsu. Ka ga ba za ka musanya su ba.

Soma da fara kuwa kusan ɗaya ne, ya soma kuka ya fara kuka. Sai dai a kula, ni na fara zuwa yana iya nufin na riga kowa isowa, haka in likita ya ce fara cin abinci kafin ka sha maganin, gabatarwa yake nufi. Daga soma aka sami somin taɓi, wato ɗan abin da aka gani kafin babban ya iso. Kuma tunda bakin Zango ba ya fitar da tsa sosai, tsoma da soma sun zama ɗaya a kunnen yara, tsoma hannu a ruwa daban ne Malam, a raba musu.

Malamin Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na riga na rubuta biyun a allo da ajami, ɗaya da alif ɗaya babu, yaron nan shi zan fara kira ya karanta su. Hajiya saura tambaya ɗaya, in 'yar fari mace ce ita ma haka ake ɓoye sunanta, ko namiji kawai ake yi wa?