Masu motar gudu, nawa gejin baƙin manku yake nunawa in inji ya ɗau zafi?

Abban Hanif:
Salam 'yan uwa. Duk wanda ya sa wa motarsa gejin firesha da na zafin baƙin mai don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, ba abin da aka ce masa ba. Tawa in na tayar da safe firesha takan haura bar 5 (bar ma'aunin firesha ne), in ta yi zafi tana silo sai ta sauko wajen 1.5, zafin mai kuma tsakanin digiri 95 zuwa 105 yake wasa. Amma in na shiga filin tsere na matsa mata sai ya doshi 125, a nan ne hankalina yake tashi.

Ɗan Totur:
Wa alaikumus salam Abban Hanif, lambobinka ba laifi. Ni abin da na fara lura da shi bayan na sa geji shi ne yadda allurar ruwan lagireto take yaudarar mutum, tana kaiwa tsakiya cikin 'yan mintoci ka ɗauka inji ya shirya alhali baƙin mai ko digiri 60 bai kai ba, mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi sosai. Yanzu ba na take totur har ƙasa sai na ga 80.

Injiniya Sani:
Ni jar fitilar nan ta dashbod ce na daina dogaro da ita kwata-kwata. A yawancin motoci ba ta kamawa sai firesha ta faɗi ƙasa da rabin bar, to wanda yake kan juyi dubu 6 ya ga ta kama ai mital sun riga sun sha wuya. Ƙa'idar da tsofaffin bakanikai suke bi ita ce psi 10 (psi wani ma'aunin firesha ne) a kowane juyi dubu na inji a minti ɗaya, wato kusan bar 0.7, kenan a dubu 6 kana son ganin bar 4 ko kusa da haka. Ba doka ba ce, injinan zamani masu famfon da yake rage firesha da kansa sukan nuna ƙasa da haka kuma lafiya lau suke, a duba littafin motar. Sannan wasu gejin na kamfani ado ne kawai. Mazda MX-5 daga 1990 zuwa 1994 gejinta na gaske ne, daga 1995 aka mayar da shi na makunni, allura ta tsaya wuri ɗaya muddin akwai 'yar firesha.

Maman Ilham:
Abin da ya same ni a doguwar kwana ne, irin wadda za ka daɗe a cikinta da gudu. Ina kallo firesha ta faɗo daga bar 4 zuwa ƙasa da 2, ina fita ta koma daidai, kuma ko sau ɗaya jar fitilar ba ta kama ba. Mai ne yake taruwa gefe guda a kwanon ƙasan inji sai bututun famfo ya zuƙi iska. Wallahi da ba geji ba zan taɓa sani ba. Na sa aka saka farantin da yake tare mai a cikin kwanon, kuma kafin in shiga fili ina tabbatar da mai ya kai layin sama na sanda, matsalar ta ragu sosai duk da ba ta tafi gaba ɗaya ba. Shi ya sa irin su Corvette Z06 suke zuwa da tankin mai daban da famfon da yake kwashe shi daga ƙasa.

Abban Hanif:
Hajiya wannan ya tsorata ni gaskiya. Ya kika iya kallon geji a tsakiyar kwana?

Maman Ilham:
Da farko wutsiyar ido ce, daga baya na sa geji mai ƙara da yake ajiye lambobin, in na tsaya sai in duba.

Ɗan Totur:
Batun 125 ɗinka oga, ni na ga 135 da mai 5W-30 (lambar kaurin mai ce) kuma abin da ya dame ni ba lambar zafin ba ce, yadda firesha ta biyo ta ƙasa ne saboda mai ya tsinke ya zama kamar ruwa. Dole a karanta su tare. Na koma 5W-40 sintetik na ƙara kula, wato na'urar sanyaya mai, a gaban lagireto, yanzu da wuya ya wuce 115. Amma a sa kula mai tamostat, wato abin da yake hana mai bi ta cikinta sai ya ɗau zafi, wani abokina ya sa marar shi, lokacin sanyi mansa ba ya wuce 70, danshi da fetur ɗin da suke sauka cikin mai ba sa ƙonewa su fita.

Injiniya Sani:
Ku riƙa faɗin inda kuka ɗaura sanso, wato abin da yake auno wa geji lamba, kuma, wanda yake kwanon ƙasa da wanda yake faranti a gindin filta ba lamba ɗaya suke bayarwa ba. A kula da zaren ramin da ake ɗaura sanso, injinan Japan da yawa irin zaren da ake kira BSPT ne, gejin kasuwa kuma galibi wani iri ne daban da ake kira NPT, in aka tilasta sai ya riƙa yoyo. Abban Hanif naka a ina yake?

Abban Hanif:
A gindin filta yake Injiniya. Wannan satin zan rubuta firesha a juyi dubu 3 da dubu 6 lokacin da mai ya kai 120, in kawo muku ku gani.