Wace kalma za mu ba "journal" don kada ta cakuɗe da mujalla?

Malamar laburare, Gusau: Salamu alaikum malamai. Ran Litinin za a raba wa sababbin ɗalibai takardar jagora da Hausa. In na sa "mujalla" kawai, ɗalibi zai ɗauko hira daga mujallar Fim ya sa a manazarta, ya ce ai mujalla ce. Ku taimaka.

Malami, Aliero: Wa'alaikumus salam Malama. Mujallar ilimi. Haka muke ce wa Ɗunɗaye ta Sakkwato da Harsunan Nijeriya ta Kano.

Mai fassara, Birnin Kebbi: "Ilimi" ya yi faɗi. Bambancin yana wajen tantancewa: edita ya tura maƙala ga masana, galibi biyu, sau da yawa an ɓoye sunan marubuci, su ce a karɓa, a gyara, ko a mayar masa. Watanni ake yi. A ce "mujallar da masana suka tantance".

Dattijo, Talatar Mafara: Mujalla Larabci ce. Tun bara nike cewa "taskar nazari". Da a Kano anka ƙirƙiro ta, da tuni kun karɓa.

Malami, Aliero: Allah shi gafarta Malam, "nazari" ɗin ma daga Larabci take.

Dattijo: To gara ita da "jonal" da yaranku ke faɗi.

Mai fassara: Baba, taska ajiya ce, ba ta da fitowa ta ɗaya, ta biyu kamar mujalla. Malama, ko wace kalma kika ɗauka, koya wa ɗaliban duba ciki. Maƙalar ƙwarai tana da tsakure, wato taƙaitaccen bayaninta, a sama, manazarta a ƙasa, sunan jami'ar marubuci, sau da yawa da ranar da ta iso wa edita da ranar da aka amince da ita. In kwana 3 ne tsakani, kuma an biya kuɗi, alama ce ta mujallar 'yan damfara. ISSN, wato lambar rajistar mujalla mai alƙaluma 8, ba hujja ba ce, mujallun nishaɗi ma suna da ita. Kuma zama a intanet bai mayar da ita shafin kowa-da-kowa ba: abin da ke AJOL (African Journals Online, shafin da ke tattara mujallun Afirka) mujallun bincike ne.

Malamar laburare: "Mujallar bincike" ke nan! Ita zan sa, da bayanin tantancewa a ƙasa. Sauran su zama "mujallar labarai" da "shafin intanet".

Dattijo: Sa abinki, ɗiyata. Ni a ajina taskar nazari ce.