Kwana a tanti a bakin teku da yara a Zanzibar: wa ya taɓa gwadawa?

Baban Fadila:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taka tsibirin Zanzibar da ƙafarsu. Shekara biyu ke nan ni da maiɗakina muna tara kuɗi domin mu kai yaranmu uku su ga teku. Babbar tana da shekara 13, na tsakiya 9, autan kuma 5, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Tiga faɗi. Niyyarmu ita ce mu tafi a watan Agusta lokacin dogon hutun makaranta, mu yi kwana takwas, uku daga ciki a tanti a bakin rairayi, mu kuma yi hayar kwale-kwale ya zagaya da mu ƙananan tsibiran da ke kewaye. Ni kuma na daɗe ina ɗaukar hoton tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru, saboda haka ina so in dawo da hotunan jan birin nan da ake cewa babu shi a ko'ina sai can, da manyan kunkuru, da dolfin idan Allah ya sa mun dace.

Shin ana barin baƙo ya kafa tanti inda ya ga dama? Kuma yaya lafiyar kwale-kwalensu take ga iyalin da babu mai iya iyo a cikinsu sai ni, ni ɗin ma iyon kududdufi?

Malam Sani:

Wa alaikumus salam Baban Fadila. Na yi shekara huɗu ina aiki a Darussalam, kuma na ƙetara zuwa Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ka fara da takardu tun yanzu, domin mai fasfon Najeriya yana cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma abin yana ɗaukar makonni. Za a nemi katin rigakafin cutar shawara na kowa da kowa, kuma tun daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 ga babban mutum.

Batun tanti kuwa, babban abin da mu mutanen tudu ba mu sani ba shi ne teku ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sau biyu a kowace rana take cikowa ta kuma janye, Suwahilawa suna cewa maji kujaa da maji kupwa, kuma a gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, bambancin yana kai mita uku zuwa huɗu a tsaye. Da yake gaɓar a shimfiɗe take, idan ruwa ya janye sai ka ga fili fari fat ya buɗe har sama da kilomita guda, mata suna zaune a ciki suna gyara gonakinsu na ciyawar teku. Baƙon da ya iso a wannan lokaci zai ɗauka ya sami filin kwana. Bayan sa'a shida wannan filin ya koma ƙarƙashin ruwan da ya shanye mutum. Lokacin cikar ma ba ya zama daidai, kullum yana jinkiri da kusan minti 50, kuma ruwan ya fi hawa a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, abin da suke kira bamvua. Don haka kalandar Hijira da ke bangon ɗakinka za ta yi maka amfani wajen zaɓen ranaku. Idan ka isa, ka duba layin busasshiyar ciyawa da ɓawon kwakwa da ruwa ya bari a kan yashi. Nan ne iyakar cikar da ta gabata, kuma tanti ba shi da hurumi a ƙasa da wannan layin ko dab da shi.

Ban ba ka shawarar kafawa barkatai ba ko da a saman layin. Kusan kowane yanki na gaɓa yana gaban wani otal ko wani ƙauye, kowace unguwa kuma tana da mai kula da ita da ake kira sheha, kamar mai unguwa a wajenmu, kuma baƙo da iyali da kyamara mai tsada a cikin tanti da dare abin jan ido ne. Abin da na yi da abokaina shi ne mun sami ƙaramin masauki mai shinge da mai gadi, muka roƙi mai shi ya bar mu mu kafa a harabarsa, muka biya kuɗin banɗaki da ruwan daɗi. Ka tambaya a rubuce kafin ka ɗauko tanti daga Kano. Kada kuma ka kafa a gindin bishiyar kwakwa komai daɗin inuwarta, domin kwakwa ba ta sallama kafin ta faɗo.

Agusta lokaci ne mai kyau ta fuskar ruwan sama, tunda babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu ce, amma lokacin iskar kudu ne da suke kira kusi, wadda take kaɗawa da ƙarfi a kudu da gabas. Turakun tanti na ƙarfe sirara ba sa riƙe yashi, sai ka ɗaure igiya a jikin buhu ka cika shi da yashi ka binne.

Maman Khalil:

Baban Fadila, ina yi maka fatan alheri, amma ka bari in yi magana a madadin maiɗakinka. Mun je da yara biyu, mun kwana a tanti dare ɗaya, kuma daren ya ishe mu. Yara sun ji daɗi ƙwarai, sun kwana suna bin ƙananan ƙaguwa masu launin yashi da tocila, amma yashi ya shiga abinci da gashi da komai, ga sauro da zarar iska ta kwanta. Ku sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita, ku kuma tafi da tanti mai raga. A ganina dare ɗaya ko biyu ya wadatar, sauran ku kama ɗaki.

A kan kwale-kwale nake so in tsaya. Akwai ngalawa, ƙaramin kwale-kwale da aka fafe daga gungumen itace, mai fukafukai biyu a gefe, yana da kyau a hoto amma ba na auta mai shekara 5 ba ne. Ku nemi babban jirgin katako mai inji da rumfa. Abin da ya same mu shi ne mun yi ciniki da wani mai jirgi a bakin ruwan Stone Town, wato tsohon birnin Zanzibar, ya rantse yana da rigunan kariya, sai da muka shiga muka tarar duka na manya ne, biyu ma igiyarsu ta tsinke. Rigar babba a jikin ƙaramin yaro ba ta da amfani, domin yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. Na sauko da yarana, kuɗin kafin alƙalami ya tafi, ban kuma yi nadama ba. Ku sayi rigunan yara daidai jikinsu ku tafi da su, ku gwada a gida ta hanyar ɗaga yaron da kafaɗun rigar, idan ta haura kunnensa to ta yi masa yawa. Mutanen can da kansu ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse a Satumban 2011 tsakanin Unguja da tsibirin Pemba saboda lodi fiye da kima ba, da kuma Skagit a Yulin 2012, don haka babu wanda zai ga laifinki ko laifinka idan kun ƙirga mutanen da ke cikin jirgi kuka ce ba za ku shiga ba.

Ku fita da sassafe, domin iska tana tashi ne bayan azahar. Ku kuma kula da agogonsu: a Suwahilanci ana fara ƙirgen sa'a daga fitowar rana, saboda haka idan mai jirgi ya ce saa mbili asubuhi, wato sa'a biyu, ƙarfe takwas na safe yake nufi. Maigidana ya sha kunya a kan wannan. Tudun yashin nan da ake kira Nakupenda, wanda ake kai mutane su ci gasasshen kifi, ruwa yana shanye shi idan teku ta ciko, babu kuma inuwa sai ta rumfar da aka kafa. A saya wa yara takalman roba masu rufe ƙafa saboda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da take ɓuya a cikin duwatsun murjani.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne garin na Musulmi ne, abinci ba abin tambaya ba ne, masallaci kuma ko'ina. Sai dai alƙibla a can arewa take, ba gabas ba. Ranar farko na shimfiɗa darduma ina fuskantar mafitar rana bisa sabo, sai mai sharar masaukin ta zo ta juya mini ita tana dariya.

Ɗan Damagaram:

Malam Baban Fadila, tunda kai ma ma'abocin kyamara ne, ga nawa. Jan birin yana dajin Jozani, tafiyar kilomita 35 ko makamancin haka daga Stone Town, kuma ƙidayar da aka yi ta nuna duka duniya ba su kai 6,000 ba. Sun saba da mutane har ba ka bukatar dogon gilashin da kake ɗaukar tsuntsaye da shi, gilashi mai milimita 70 zuwa 200 ya isa. Wahalar tana cikin haske: fuskar baƙa ce, ga farin gashi ya kewaye ta kamar rawani, bayan kuma ja, saboda haka idan rana ta take sai farin ya ƙone ko fuskar ta zama duhu. Ka isa da buɗe ƙofa, ka nemi wanda yake zaune a inuwa, ka auna haske a fuskarsa. Masu rakiya za su ce a tsaya nesa da mita uku, kada a ba su abinci, mai mura kuma kada ya matsa, domin suna ɗaukar cutar mutane. Ka lura da hannunsu, babban yatsan ɗan guntu ne kamar babu. Idan ka yi sa'a za ka ga suna cin gawayi, wanda yake rage musu dafin ganyen da suke ci, kuma hoton da na fi alfahari da shi ke nan.

Kunkurun suna tsibirin Changuu, rabin sa'a a jirgi daga gari. Asalinsu guda huɗu ne da gwamnan Ingila na tsibiran Seychelles ya aiko a 1919. Wurin yana cika da mutane, kuma a killace suke, saboda haka hoton ba zai yi kama da na daji ba, sai dai ka durƙusa daidai idon dabbar ka cika hoton da wuyanta mai tamoji. Ka hana yara hawa bayansu.

Dolfin kuwa, a nan zan saɓa wa masu tallar yawon buɗe ido. A Kizimkazi, ƙauyen da ke kudancin tsibirin, na ga jirage sun fi goma sun yi wa garke guda ƙawanya, injuna suna ruri, mutane suna tsalle a kansu. Babu hoton kirki a cikin wannan, kuma dabbobin suna hutawa ne ko suna shayar da 'ya'yansu. Ka yi sharaɗi da mai jirgi tun a tudu cewa zai kashe inji ya tsaya a gefe, ka kuma gaya masa ladansa ba zai ragu ba ko ba a ga komai ba, domin tsoron rasa ladan ne yake sa su kora. Idan kun sauko, ka leƙa tsohon masallacin Kizimkazi Dimbani, wanda rubutun Kufi da ke jikin mihrabinsa yake ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107.

Kayan aiki kuma, mu da muka saba da ƙurar hunturu muna ɗauka mun ga iyakar abin da ke lalata kyamara, amma gishiri ya fi ƙura mugunta. Kada ka canza gilashi a cikin jirgi ko a kan yashi. Ka ajiye kyamara a jakar da ruwa ba ya shiga, kowane dare ka goge jikinta da tsumma mai ɗan damshin ruwan daɗi. Idan ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ka bar ta a cikin jaka kamar minti ashirin, in ba haka ba gilashin zai yi raɓa daidai lokacin da kake bukatarsa. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi yana bukatar izinin hukuma, gara ka bar shi a gida. Matan da ke noman ciyawar teku kuma ba sa son a ɗauke su ba tare da an tambaya ba, kamar dai matanmu.

Baban Fadila:

Allah ya saka muku da alheri, Malam Sani, Hajiya Maman Khalil da Ɗan Damagaram. Na karanta wa maiɗakina, ta ce Hajiya ta faɗi abin da ke ranta, saboda haka kwanan tanti ya koma dare biyu, kuma gobe zan shiga neman rigunan yara. Saura tambaya ɗaya: idan iskar kusi ta fi ƙarfi a gabas da kudu, wane gefe ya fi dacewa da mu?

Malam Sani:

Ku nufi arewa maso yamma, wajen Nungwi da Kendwa. Tsibirin da kansa yana tare muku iskar, kuma ruwa ba ya janyewa da nisa kamar a Paje, don haka yara za su iya wasa a baki kusan kowane lokaci, kana tsaye kusa da su. A Nungwi akwai masassaƙan da har yanzu suke ƙera jiragen katako da hannu a bakin ruwa, akwai kuma wani tafkin dutse kusa da hasumiyar fitila inda ake kula da kunkurun teku da suka faɗa komar masunta kafin a mayar da su. Wurin ya fi tsada kuma ya fi hayaniya da dare, saboda haka ka nemi masaukin da ke gefen gari, ka kuma tambayi mai shi ranar da bamvua za ta kama kafin ka tsayar da daren tantin.