Me za mu kira "compensator" na babur da Hausa?

Mai neman kalma, Aboabo: Salamu alaikum jama'ar zango. Ina tattara sunayen kayan babur da Hausa saboda yaranmu masu koyon aiki a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, sai ga wani ƙarfe ya tsaya mini a wuya: compensator sprocket, wato wani haƙorin sarƙa a cikin inji. Ba za ka gan shi a Boxer ko Haojue ba, kayan manyan babura ne irin Harley-Davidson ta Amurka. Injinta silinda biyu ne da kwanar digiri 45 a tsakani, wutarsu kuma ba ta tashi a tazara ɗaya, don haka ƙarfin fizga-fizga yake zuwa. Shi wannan haƙorin yana bakin karanshaf, shi ke jan sarƙar ciki zuwa kuloci. Jikinsa akwai tudu-tudu masu gangara, wani ƙarfe abokin zamansa na hawa kansu, faya-fayan sifirin na danne su ta baya. In fizga ta zo sai ya ɗan zame, sifirin ya shanye ta kafin ta isa giya. Wane suna ya dace?

Malamin makaranta, Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙamus zai kai ka ga diyya, "mai biyan diyya". Kada ma a fara, sai ka ce kotu. Ni dai "madaidaici".

Tsohon fita (makanike), Magazin: Malam, da girmanka, madaidaici ba zai zauna ba. A cikin murfin da ya rufe sarƙar cikin nan akwai abin da ke daidaita tsaurin sarƙa da kansa tun ƙirar 2007, kuma in ya lalace shi ma ƙara yake yi. Ka ba su suna ɗaya, ka aiki yaro, ya kwanto maka wanda lafiyarsa ƙalau. Mu nan kwamfensata muke cewa, aiki na tafiya.

Mai neman kalma: Baba, kwamfensata na tafiya a bakin wanda ya taɓa buɗe shi. Yaron da ya zo jiya fa? Wani ya ce "shokozobar inji", amma da ka faɗa za a leƙa ƙafar babur. Ni zuciyata ta fi kwanciya da gammo. Duk wanda ya ga masu dakon kaya a kasuwar Kejetia ya san aikinsa: yana tsakanin kai da kaya, ba ya rage nauyi, zafin yake ɗaukewa. Gammon inji.

Tsohon fita: To, wannan ta shiga kunne. Har ga riba: robobin nan da ke cikin tayar baya ta ƙananan babura, bayan haƙorin sarƙa, aikinsu ɗaya ne. Sai su zama gammon taya, wannan gammon inji.

Amma tunda don yara kake yi, rubuta musu yadda ake gane ya ci, suna kaɗai ba ya gyara babur. Alamar farko wajen tayarwa take: ka danna sitata ka ji "ƙwas!" ta hagu, musamman in inji da zafi, wani lokaci har ya tunkuɗo sitata baya kamar batir ya mutu. Kashewa ma ka ji irin bugun nan. In kana tafiya a hankali cikin cunkoso, ko inji na tsaye yana aiki, sai ka ji kwaramniya daga murfin. Kada ka yi saurin yanke hukunci: gwada batir tukuna, duba sarƙa, duba ko kusar da ta riƙe gammon injin ce ta yi sako-sako. Sannan ka tsiyaye man, in ka ga garin ƙarfe da yawa, buɗe. Gangaren da ya kamata ya yi sumul, in ya yi rami ko kaushi, ko ka ga jan gari kamar tsatsa a ramin tsakiyarsa, mai ne bai isa wurin ba. Wannan ce cutar ƙirar 2007 da 'yan shekarun bayanta, shi ya sa a 2014 kamfanin ya ƙara abin da ke karkato mai zuwa gare shi. In ya kai haka, ko sifirin ya saki har kana juya haƙorin da hannu cikin sauƙi, ba a gogewa a mayar. A canza shi gaba ɗaya, da sabuwar kusa. Wanda ya ce bari sai an ga sidi, sitata da haƙoran kwandon kuloci za su biyo baya, kuma sun fi tsada.

Malamin makaranta: Na janye nawa. Sai dai a rubuce a sa "haƙori mai gammo", don a san haƙori ne.

Mai neman kalma: An gama. A takarda haƙori mai gammo, a bakin aiki gammon inji, kwamfensata kuma a gefe saboda sayen kaya. Saura abin daidaita sarƙar nan. Malam, madaidaicinka bai faɗi ƙasa ba, can za mu kai shi.