Shin Ramsis na Biyu ne Fir'aunan Annabi Musa?

Ɗalibin Azhar: Salamu alaikum. Jiya muka dawo daga Abu Simbel, wani tsohon wurin bauta a kudancin Masar. Tun kafin asuba muka bar Aswan, tafiyar awa uku da ɗoriya cikin hamada. Gumaka huɗu ne zaune a bakin ƙofa, duk na Ramsis na Biyu, kowanne ya kai mita 20. Ɗaya ya karye, kansa na nan yashe gaban ƙafafunsa. Na tsaya a gindinsu, ko gwiwa ban kai ba. A can ƙuryar ciki kuma ya sa an sassaƙa shi zaune kafaɗa da kafaɗa da gumakansu uku. Wallahi nan take zuciyata ta ce wannan ne mai cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka.

Hajiya: Ai ba tantama, ɗana. Ba gawarsa aka kai Faransa a 1976 ba? An ce har da gishiri a jikinta.

Malamin tarihi: Hajiya, a gafarce ni. Gishiri ba ya nuna an nutse, domin da wata irin kanwa Misrawan dā suke busar da gawar sarakunansu duka. Sannan Ramsis ya yi shekara 66 kan gado, ya mutu yana wajen 90, baya ya ranƙwafa, haƙora sun lalace. Tsoho irin wannan ne zai hau keken doki ya kori jama'a har bakin teku?

Ɗalibin Azhar: To ɗansa Marnifta fa, Malam?

Malamin tarihi: Shi ma da sauran magana. A 1896 aka tono wani dutse nasa a yammacin Luksor, ɗauke da sunan Isra'ila. Sai dai ya ambace su ne cikin mutanen da ya ce ya murƙushe a ƙasar Kan'ana. Ke nan a lokacin ba su Masar.

Kawu: Ni abin da ke damuna shi ne mu ɗora wa Alƙur'ani abin da bai faɗa ba. Aya ta 92 a Suratu Yunus ta ce za a tsirar da jikin Fir'auna ya zama aya, ba ta kama suna ba.

Hajiya: Na ji, Yaya, amma ni har yanzu Ramsis nake zargi.

Ɗalibin Azhar: Na daina cewa tabbas, Malam. Gawar Ramsis tana gidan tarihi na Fustat a Alƙahira tun 2021, ranar Asabar in sha Allahu zan je in duba bayan nan da idona.