Motar iyali ta hannu: wacce ce za ta ɗauki kujerun yara uku?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum. Don Allah masana mota ku taimaka min da shawara. Yarana biyu, babbar shekararta shida, ƙaramin shekara biyu da wata huɗu, ga na uku muna sa rai nan da wata uku in sha Allahu. Muna son sayen mota ta hannu wadda kujerun yara uku za su zauna a ciki, kuma a samu wurin keken jariri da jakunkuna a but. Maigida hankalinsa ya fi karkata ga jif mai kujera bakwai, ni kuma ina hangen irin su Sienna masu ƙofar zugewa. Wacce ta fi dacewa, kuma me za mu duba kafin mu biya kuɗi?

Baban Yara:

Wa alaikumus salam Maman Biyu, Allah ya raba lafiya.

Kafin a kai ga sunan mota, ki ajiye lissafin "kujera bakwai" gefe guda. Abin da zai yanke hukunci shi ne layin tsakiya. Faɗin kujerar yaro ɗaya yakan kama daga santimita 43 zuwa 48, don haka uku a jere suna neman kusan 129 zuwa 144. Yawancin jif da ƙananan motoci, bencinsu na baya mazaunai biyu ne cikakku a gefe da gefe, na tsakiya kuma ɗan tudu ne siriri. Ko da tef ya nuna faɗin ya isa, kujerar da aka ɗora a kan wannan tudun takan karkace.

Shi ya sa hanya mafi tabbas ita ce ku tafi wurin motar da kujerun yaran a hannu, har da ta jaririn da bai iso ba, ku ɗaura su duka ukun. In mai mota ya hana, ku nemi wata.

Bayan kun ɗaura, ki rufe ƙofofin baya duka biyu ki ga ko sun rufu ba tare da an danna kujera ba. Sai ki sa babbar ta hau tata ta ɗaura bel da kanta. A nan ne aka fi shan mamaki: yarinya mai shekara shida tana kan kujerar ɗagawa, wato wadda ke ƙara wa yaro tsayi don bel ya zauna masa daidai, da bel ɗin motar take ɗaurawa, kuma makullin bel ɗin yakan nutse a tsakanin kujeru biyu. In sai kin tura hannu har wuyan hannu kina lalube kafin ki ji ya ce ƙas, to ki sani haka za ki riƙa yi kullum safe da yamma, da jariri yana kuka. Sannan maigida ya zauna a mazaunin direba ya gyara shi daidai tsayinsa, a ga ko kujerar jariri mai kallon baya ta shiga bayansa. Irin wannan kujerar tana cin fili daga gaba zuwa baya sosai, sau da yawa sai an tura mazaunin gaba har gwiwa ta kusa taɓa dashbod.

Sai maganar maƙalai. Ki tura yatsu a tsagar da ke tsakanin wurin zama da majingina, za ki ji ƙananan ƙarafa biyu, tsakaninsu santimita 28. Su ne ISOFIX, a motocin Amurka kuma LATCH ake ce musu. Amurka ta wajabta su tun Satumban 2002, Turai kuma a duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014, amma mafi yawan motoci a mazaunai biyu na gefe kawai ake sa su. Kada a ari ƙarfe ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu don ɗaura kujera a tsakiya, sai in littafin motar da na kujerar duka sun yarda, domin tazarar ba ɗaya ba ce. Kujerar tsakiya a ɗaure ta da bel, in an ɗaura daidai kariyarta ba ta gaza ta maƙalai ba. Akwai kuma maƙali na uku na igiyar sama, a bayan majingina ko a ƙasan but, da alamar anga a jikinsa. Kujera mai kallon gaba tana buƙatarsa don kan yaro kada ya wullu gaba da nisa in an yi karo. A kula kada a rikita shi da ƙugiyar ɗaure kaya.

Gwajin ƙarshe: ki kama kujerar daga inda bel ko maƙalin ya riƙe ta, ki jijjiga hagu da dama. In ta motsa fiye da santimita 2.5, ba ta ɗauru ba.

Oga Bakanike:

Hajiya, ina bayanki a kan mai ƙofar zugewa, kuma ga hujjar da za ki kai wa Alhaji. Sienna ta 2011 zuwa 2020, ko an tayar da layi na uku, filin but ɗinta ya haura lita 1,000, saboda akwai rami mai zurfi a bayan. Jif ɗin Highlander ta 2014 zuwa 2019 a wannan yanayin ba ta kai lita 400 ba, keken jariri kaɗai ya cinye wurin. Ƙofar zugewa kuma tana ba ki damar sa jariri a matsattsen wurin ajiye mota, ga ƙasan motar bai yi tudu ba, yaro zai hau da ƙafarsa. Inda jif ta fi shi ne tsayi daga ƙasa. In hanyar da kuke bi kullum mai ramuka da kwazazzabai ce, wannan abin dubawa ne, domin waɗannan motocin in sun cika da mutane cikinsu kan gogi ƙasa.

Abin da za a duba a kowacce:

Sienna. Ta 2004 zuwa 2006 injin lita 3.3 gare ta, mai bel ɗin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin a cikin inji. Daga 2007 aka koma 3.5 mai sarƙa, ba ruwanki da canjin bel. Sai dai na farko-farkon 3.5 ɗin suna da wani bututun baƙin mai da ke da roba a jikinsa, yakan fashe mai ya tsiyaye cikin ɗan lokaci. A sa bakanike ya tabbatar an mayar da shi na ƙarfe zalla. Mai jan ƙafa huɗu ba ta zuwa da safaya, da tayoyin da ke iya tafiya ba iska aka ƙera ta, to ki tambayi me aka sa mata yanzu. Mai mazauni takwas kuma, na tsakiyar layi na biyu a ƙirar 2011 siriri ne, sai an gwada.

Odyssey. Ta 2011 zuwa 2017 mai mazauni takwas ta fi sauƙin jera kujeru uku, domin mazaunan gefe suna matsawa waje kaɗan, kuma duka ukun suna da maƙalai. Amma injinta na bel ɗin taimin ne, ana canza shi wajen kilomita 160,000 ko shekara bakwai, tare da famfon ruwa. In ya tsinke a kan tafiya, bawul da fistin suke karo, aikin ya zama na buɗe inji. In babu takardar shaidar an canza, ki ɗauka ba a canza ba, ki sa kuɗin a cikin ciniki.

Na Turai irin su Sharan da Alhambra daga 2010, Galaxy, S-Max, Grand C4 Picasso da Peugeot 5008, layinsu na biyu mazaunai uku ne rarrabe, kowanne yana matsawa shi kaɗai. Wajen jera yara babu kamarsu, kuma ba su kai na Amurka shan mai ba. Sai dai da yawansu dizal ne, kuma dizal mai matatar hayaƙi ba ya son gajeriyar tafiya ta kai yara makaranta a dawo, matatar takan toshe. Giyar otomatik ta DSG mai hawa shida ta Sharan tana son canjin mai duk kilomita 60,000.

Kowacce kuka zaɓa, ku je da sassafe injin yana sanyi, kada a tayar kafin ku iso. In tana da ƙofofin zugewa, a buɗe a rufe su sau biyar-biyar, da maɓalli da hannu, a saurari ƙara ko sarƙewa, domin wayar da ke jan su takan ci ta tsinke. A kunna na'urar sanyaya ta baya, a sa hannu a kowace kafa har layi na uku. Kuma a jona kwamfutar gwaji kafin a yi maganar kuɗi.

Anti Malama:

Duk abin da aka faɗa haka yake. Ni abin da ya fi damuna a motar hannu shi ne wadda ta taɓa yin hatsari aka gyara jiki aka bar kayan kariya a mace. Kujerar yaro komai kyanta, da bel da ƙarfen motar ta dogara.

Ki murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ki zuba wa dashbod ido. Fitilar jakar iska dole ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an kashe ta ne don a ɓoye matsala. Ki zaro kowane bel har ƙarshe, ki duba yagewa ko ɗinkin da ba na kamfani ba, ki fizge shi da ƙarfi ki ji ya cije, ki sake shi ya koma da kansa. A tsofaffin motoci bel ɗin tsakiya na cinya ne kaɗai, kuma ba a ɗora yaro a kujerar ɗagawa da irinsa, sai mai ratsa kafaɗa. Ki ɗaga kafet, ki leƙa ƙarƙashin mazaunai da ramin safaya. Tsatsa a ƙarafan mazauni ko busasshen taɓo alama ce ruwa ya taɓa cinye motar. Lambar VIN, wato lambar shaidar mota mai harafi da lamba 17, a bincika ta a shafin kamfanin a ga ko akwai kiran gyara da ba a yi ba, musamman na jakunkunan iska ƙirar kamfanin Takata da ya shafi kamfanoni da dama.

Ƙari kan na Turai da Oga ya ambata: wasunsu suna da akwatin ajiya a ƙarƙashin ƙafar layi na biyu. Kujerar jariri mai ƙafar tokare ƙasa, in ƙafar ta sauka a kan murfin akwatin, zai iya burmawa lokacin karo. A duba littafin motar kafin a sa. In kuma za a riƙa zaunar da yaro a layi na uku, a tabbatar jakar iskar gefe ta kai har can. Kada kuma a taɓa sa kujera mai kallon baya a gaba matuƙar jakar iskar wurin tana aiki.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in mun samu mai mazauni bakwai, wato biyu kawai a layin tsakiya, yaya zan raba su? Kuma wata 'yar'uwa ta ce za ta ba ni kujerar jariri da ta yi amfani da ita, in karɓa?

Baban Yara:

Jariri da ɗan shekara biyu a layin tsakiya, tunda su ne ke buƙatar hannunki wajen ɗaurawa. Babbar a layi na uku, ta bi ta ratar da ke tsakanin mazaunan biyu ta wuce. Wannan ratar tana da amfani, domin da zarar an ɗaura kujerar yaro, mazaunin ba zai kifu a ba da hanya ba. Layi na uku a Sienna da Odyssey kashi biyu ne, sai ki nutsar da ɓangaren da ba kowa ki ƙara filin kaya. Ki riƙa leƙawa ki ga bel ɗin babbar ya bi ta tsakiyar kafaɗa da kan cinya, kada ya hau wuya ko ciki. Za ta ci gaba da hawa kujerar ɗagawa har tsayinta ya kai wajen santimita 145.

Ɗan shekara biyun, in kujerarsa ta yarda da tsayinsa da nauyinsa, ki bar shi yana kallon baya, ya fi kare wuya. Ƙa'idar i-Size ta kujerun yara a Turai wata 15 ta sa a matsayin mafi ƙaranci kafin a juya yaro ya kalli gaba. Maƙalan ma suna da iyaka: a tsarin Amurka, nauyin yaro da na kujera in sun haura kusan kilo 29, da bel ake ɗaure kujerar.

Kujerar 'yar'uwarki kuwa, ki karɓa in ta tabbatar miki ba ta taɓa kasancewa cikin hatsari ba. Ki juya ƙasanta ki karanta ranar ƙira, yawancin kamfanoni shekara shida zuwa goma suke ba kujera. Ki duba babu tsaga a robar, igiyoyin ba su zare ba, makullin yana kamawa, matashin jarirai da littafinta suna nan. In ta cika waɗannan, ki karɓo ta tun yanzu ki tafi da ita ranar gwajin mota.